Ɗauko Yaya Sale da Motarsa daga Kwatano

Tun da na dawo ba a bar ni na sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a teburin mai shayi sai a jawo benci: Habu, yaya Kwatano? Habu, da gaske a kwalba suke sayar da fetur? Wani har gareji ya biyo ni, ina kwance ƙarƙashin danfo, bas ɗin hayan nan, ya tsaya yana yi wa ƙafafuna tambayoyi. To ga shi nan gaba ɗaya, wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba, don ni bakina ya gaji. Kuma ku sani tun yanzu, ba yawon buɗe ido na je ba.

Wanda bai san Yaya Sale ba, shi ne babban wanmu, ɗan farin Inna. A nan Agege ta Legas aka haife mu, a nan ya koyi kanikanci, shi ya koya mini riƙon sifana da ranƙwashi. Daga baya ya koma Kwatano, inda ake sauke motocin tokumbo, na hannu daga waje, ya yi aure can ya zauna. Duk Juma'a sai ya kira Inna a waya. Inna kuwa idanunta sun daɗe da tafiya, da murya take gane kowa. Ba ta taɓa kama sunansa ba, kun san kunyar ɗan fari, "na Kwatano" take ce masa. In ya kira sai ta yi kamar ba jiran wayar take ba, alhali tun safe wayar tana ƙarƙashin cinyarta.

Sai wata Juma'a ta zo ba a kira ba, ta sake zagayowa shiru. Ni na san dalili, don matarsa Anti Maryama ta sanar da ni. Ya yanke jiki ya faɗi a gareji, jini ya hau, ɓarin damansa ya shanye, magana ta ɗauke. Na ce wa Inna zazzaɓi ne mai nauyi. Ba ta ce na yi ƙarya ba, sai dai ta fara ture kwanon abinci. Da abin ya yi tsanani, har zaninta ya fara yi mata yawa, na je lallashi. Ta juyo da fuskarta inda nake.

"Ban tambaye ka sunan ciwo ba," in ji ta. "Je ka kawo shi in ji muryarsa."

Da wannan maganar na fita, kuma ita ce ta zauna mini a ƙirji har na dawo. Mutumin da ba ya magana aka aike ni in kawo don a ji muryarsa.

Hanyar zuwa ba ta da wani labari sai na gajiya. Danfo zuwa Iyana Ipaja, wata zuwa Iyana Iba, sannan motar boda. An matse ni tsakanin taga da wata 'yar kasuwa mai kwandon busasshen kifi, wadda ta yi barci a kafaɗata tun kafin Badagiri, ta farka tana yi mini faɗa wai na cika motsi. Shingayen hanya kuwa ban ƙirga ba, kowanne sai a leƙo a kalle mu a ce mu wuce. A Seme na tsallaka boda da ƙafa, kuma abin da ya fara ba ni mamaki shi ne Turancina ya mutu nan take, don Faransanci ake yi. Yarbanci ne ya cece ni. Masu okadansu, zem suke ce musu, duk da riga ruwan ɗorawa, kuma ba wanda zai ɗauke ka sai ka sa hular kwano. Na ɗora ta a kan hulata, na zama abin dariya. Mata kuwa su ma tuƙa babur suke, da goyo a baya da kwando a gaba, ko a jikinsu. A gefen titi ga fetur nan a manyan kwalabe yana ɗaukar ido, ana sayar da shi kamar kunun zaki. Wanda ya tambaye ni wannan, to ya ji amsarsa.

Gidan Yaya a Zango yake. Hausawan can Hausa suke yi, amma sai ka kasa kunne: mota mato ce, likita lokotoro ne. Aka sauke ni a ɗakin da yake ajiye kayan inji, tabarmata tsakanin tsohuwar lagireto da tayoyi. Aka kawo mini kofi da madara mai kauri da wani dogon burodi kamar sanda. Ni ɗan Agege, inda burodi yake lotsewa in ka kalle shi da kyau, na gatsa wannan sai da dasashina ya yi jini. Anti Maryama ta ce haka ake cinsa, a tsoma. Da wani lokaci ne da mun yi ta tsokanar juna a kai, amma ranar ko murmushi ba mu yi ba.

Yaya yana kwance a ɗakin ciki. Ya rame, bakinsa ya karkace, hannun dama yana gefe kamar ba nasa ba. Amma idanun nan nasa ne, masu sa ka duba ko ka bar sifana a ƙasa. Na gaishe shi. Ya buɗe baki, ya yi ta ƙoƙari har jijiyar wuyansa ta tashi, iska kawai ta fito. Na ce masa ai ya ma samu sauƙi, na fita, na zagaya bayan motarsa na yi kuka na ƙoshi.

Takardar tafiya sai da muka koma wurin likitan da ke duba shi. Can kuwa da rana ta take sai a rufe ofis kowa ya tafi ya ci abinci ya kwanta, sai la'asar ta kusa a buɗe. Ku yi tunanin a gwada wannan a Legas. Na zauna a baranda ina ta tsaki. Da likitan ya zo, Anti ta yi mini tafinta. Ya ce bai so a yi tafiyar ba, amma in dole ne, kada zafi ya buge shi, kada a daɗe a hanya, kada kuma a ɓata masa rai, don in jinin ya sake hawa ba lalle ya tashi ba.

Shi ya sa motar haya ba ta yiwu ba. Mutumin da ba ya taka ƙafa ba za a yi ta sauke shi ana lodawa ba. Sai motarsa, mai lambar Najeriya, wadda yake zuwa da ita duk Sallah, ga ta da sanyi a ciki. Matsalar ita ce ni da motar nan ba ma shiri.

Bari in gaya muku dalili. Injinta ba irin na danfo ba ne, da kafireta za ta dama mai da iska wuri guda ta tura ciki. A cikin bututun da iska ke bi ta shiga injin akwai wasu 'yan ƙyamare, kowace kafa da nata. In motar tana tafiya a hankali sai su rufe rabin hanya, iskar ta shiga tana juyi, ta kwashi man mai kauri ta kai shi daidai bakin filogi, sauran wurin kuwa kusan iska ce zalla. In ka taka totur sai su buɗe, komai ya gauraye. Da Sallar bara Yaya ya tsaya a bakin garejina yana yi mini wannan bayanin. Ya ce kamar mace ce mai nama kaɗan a miyarta, ba ta barbaza shi a duk kwanon, a tsakiya take tara shi inda hannun maigida zai fara sauka. Da haka ɗan mai kaɗan yake isar motar.

Ni kuwa na ce masa a Legas ba ma wannan dogon Turanci. Kun san yadda muke aiki. Duk abin da muka buɗe inji muka gani ba mu gane masa ba, na ƙasar sanyi ne, a cire. Ɗan ƙarfen nan mai tsare ruwa, a cire. Na cikin salansa, a cire. 'Yan ƙyamaren nan in baƙin hayaƙi ya kama su, a ɓalle, mota ta sha mai yadda take so ta yi tafiyarta. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce mini sakarai. Tun ina ɗan ƙanƙane sunan da yake kirana ke nan in na yi aikin banza, har Inna takan ce ta gaji da jin kalmar a gidanta.

Muka tashi da sassafe. Muka kwantar da kujerar gaba muka sa Yaya, Anti Maryama tana bayansa riƙe da kafaɗarsa. Na so in sha mai a gidan mai, Anti ta ce a'a, wurin wata mata yake saye shekara da shekaru. Matar tana ganinsa ta ɗora hannu a ka. Ta kawo kwalba, ta tace man da ƙyalle har sau biyu kafin ta zuba, tana yi tana share ido da gefen zani. Ni dai ban yarda da man kwalba ba, na ajiye abin a raina.

A boda aka tsayar da mu. Wani jami'i ya karɓi takardu, ya zagayo wajen Yaya ya ce ya faɗi sunansa. Na ce ba shi da lafiya. Ya ce ba ni ya tambaya ba. Gaskiyarsa ce, aikinsa yake, mutum a kwance wasu suna magana a madadinsa dole a tambaya. Amma Yaya ya fara ƙoƙarin nan, leɓensa yana rawa, gumi yana tsattsafo masa, ni kuma maganar likita tana yi mini amo a kunne. Na ji zuciyata ta taso, saura kaɗan in yi abin da zai sa mu kwana a can. Sai na haɗiye, na juya harshe zuwa Yarbanci, na ce masa uwarmu makauniya ce tana jiransa a Agege. Ya daɗe yana duban takardar likitan da hoton da ke takardun Yaya, sannan ya miƙo mini ya ce Allah ya ba shi lafiya. Muka wuce.

Daga Seme har muka wuce Badagiri motar ba ta yi ko tari ba. Har na fara cewa a raina ashe dai Yaya yana da gaskiya. Muna dosar Agbara muka faɗa cunkoso, irin wanda masu talla suke wuce ka su dawo su same ka a inda kake. Rana ta take. Nan motar ta fara karkarwa. In na ɗaga ƙafa daga totur sai ta nemi mutuwa, wata fitila ta kama a gabana. Na riƙe ta da ƙafa biyu, ɗaya a birki ɗaya a totur, ina zagin matar kwalba a zuci. Can sai ta mutu. Na tayar, ta yi gurnani ta sake mutuwa. Sanyin ciki ya ɗauke.

Ba ku san zafin mota ba sai an kashe ta a tsakiyar titi da rana tsaka. Kafin mu tura ta gefe rigar Yaya ta jiƙe sharkaf, numfashinsa ya fara fita da sauri. Anti ta buɗe ƙofofi tana yi masa fifita da kwali, tana salati ƙasa ƙasa. Ba inuwa sai ta wata 'yar rumfar kanikawa, ita ma cike da ƙarafa. Na duba danfon da ke wucewa, mutane har a bakin ƙofa, na san in na sa shi a ciki gawa zan sauke. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Na ga kaina ina shiga gida ina gaya wa Inna na kawo shi har Agbara.

Mai rumfar, wani Bayarabe mai furfura da ake kira Oga Lati, ya taso da kansa, Allah ya saka masa. Yana buɗe bonet ya yi dariya ya ce ya san irinta. Ba mai ba ne, in ji shi, 'yan ƙyamaren nan ne suka maƙale, duk wadda ta zo hannunsa ɓalle su yake ta tafi lafiya. Maganar da ni ma zan faɗa ke nan da motar wani ce. Aikin zai kai mu bayan la'asar, don sai an kwance bututun gaba ɗaya, amma ban ga wata hanya ba. Na ce masa mu yi. Na karɓi sifana na ɗora a kan noti na farko.

Sai na ji bugu, dam, dam, dam, a jikin ƙofa. Anti ta ƙwalla mini kira. Na saki sifana na zagaya a guje, na ɗauka abin ne ya sake dawowa. Yaya ne yake dukan ƙofar da hannun hagu. Yarbanci ai a bakinsa ya tashi, duk abin da muka faɗa ya ji. Ya cafki wuyan rigata ya jawo ni, idanunsa jajir, jijiyoyin goshinsa sun fito raɗa raɗa. Abin da likita ya ce kada a yi, shi nake gani da idona. Na durƙusa ina ba shi haƙuri.

"Yaya, don Allah ka kwantar da hankalinka. 'Yan ƙyamaren kawai zan ɓalle mu tafi gida."

Bakinsa ya yi ta motsi, ƙirjinsa yana sama yana ƙasa, sai kawai ta fito, a karkace amma sarai:

"Sakarai!"

Kwalin ya faɗi daga hannun Anti. Ni kuwa na sandare a durƙushe, ban san dariya zan yi ko kuka ba. Bai ba ni lokaci ba. Ya saki rigata ya nuna makulli, ya nuna kunnensa, ya haɗa haƙora yana fitar da iska, sss, sss. Na gane. Na tayar da motar, na ce Oga Lati ya riƙe mini totur, na tura kaina cikin zafin injin na kasa kunne. Cikin duk hayaniyar titin nan na ji ta, 'yar siririyar ƙara a ƙarƙashin bututun. Na bi ta da yatsa har na ƙone. Wani ɗan tiyo ne, bai kai kaurin ƙaramin yatsa ba, shi ke jan 'yan ƙyamaren su rufe. Zafi ya busar da shi ya tsage a baki. Ta nan iska take satar shiga, ƙyamaren kuma ba mai jansu. Man da ma kaɗan ne, sai ya ƙara tsinkewa, babu mai kaurin da zai kai bakin filogi. A guje ba ta damu ba, sai da muka tsaya ta nuna.

Na yanke bakin tiyon da wuƙa, na tura shi ya zauna, na ɗaure da waya. Motar ta yi ajiyar zuciya ta daidaita, kamar ba ita ba. Na rufe ƙofofi na saki sanyi, muka zuba wa Yaya ido har numfashinsa ya sauka. Oga Lati ya ɗaga kafaɗa ya ce shi dai da ya ɓalle su ya huta. Ban yi masa musu ba, na gode masa. Matar kwalba kuma na nemi gafararta a zuci.

Kada ku ɗauka hankalina ya kwanta. Daga Agbara zuwa Igando ba abin da ban yi ba don ya sake magana. Yaya, ce Inna. Yaya, ce salamu alaikum. Ko sunana ka faɗa. Anti ma ta gwada, da Hausa da Faransanci. Ya yi ƙoƙari har hawaye ya zubo masa, ba abin da ya fito, sai muka ƙyale shi. A cunkoson Iyana Ipaja motar tana tsaye lafiya lau ko karkarwa babu, ni ne nake karkarwa. Na kawo shi da rai, amma abin da aka aike ni in kawo ban san ko yana motar ba.

Mun shiga unguwa kafin magariba. Maƙwabta suka taimaka muka ɗauke shi a kan kujera har ɗakin Inna. Tana zaune a tabarma, ga kwanon tuwon rana a gefenta ba a taɓa ba. Ta kawar da kai wajen bango yadda ta saba in ya zo, ta ce an iso lafiya, na ce lafiya. Anti ta durƙusa ta gaishe ta, ta amsa. Sannan ta kasa kunne tana jira. Kowa a ɗakin ya san abin da take jira.

Yaya ya buɗe baki, iska ta fito. Ya sake, iska. Inna ta juyo a hankali. Ta miƙa hannu tana lalube, abin da ban taɓa ganin ta yi masa ba tun da na yi wayo, har ta kama hannunsa na dama. Ta ɗaga shi ta ji yadda ya saki.

"Habu, wa ka kawo mini? In shi ne, me ya hana shi gaishe ni?"

Na ga fuskarta tana sauyawa, na ga ta Yaya ma, na san in aka ƙara ɗan lokaci a haka ɗayansu zai tafi ya bar mana ɗayan. Ban san daga ina dabarar ta zo mini ba. Na gyara zama, na ɗaga murya kamar ina hira a gareji.

"Inna, gajiya ce kawai, motarsa ce ta wahalar da mu a hanya. Amma ba komai. Gobe da safe zan kai ta garejina in ɓalle 'yan ƙyamaren nan duka in watsar a kwata. Na ƙasar sanyi ne."

Kujerar ta yi ƙara. Hannun hagu ya daki gefenta.

"Sakarai!"

Inna ba ta motsa ba. Hawaye ya gangaro mata ta bar shi, ta ƙara riƙe hannun nan da nata biyu. Sannan ta juyo da fuskarta inda nake, muryarta ƙasa ƙasa.

"Ban ji ka da kyau ba, Habu. Me ka ce za ka ɓalle?"